Lafiyar Gida: Ƙurji Mai Cibiya a Jikin Yara

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ƙaramin ƙurji wanda ba ya kisa, ba ya ko kwantar da yaro, amma yakan hana uwa barci wata da watanni. Da yawa cikinku kun taɓa ganinsa ko da ba ku san sunansa ba. Likitoci suna kiransa molaskam kontajiyosam, sunan da wani likitan fata ɗan Ingila, Thomas Bateman, ya ba shi a 1817. Tun da yake sunan yana da nauyi a baki, a wannan fili za mu kira shi ƙurji mai cibiya, gama wannan ita ce babbar alamarsa.

Abin da muke so ku riƙe tun daga fari shi ne, ƙurjin nan yana warkewa da kansa. Yawancin lahanin da yara suke samu daga gare shi, hannun manya ne yake jawowa, watau ta wurin tsaga da ƙonawa da shafe-shafen magani mai zafi, da kuma baƙar magana da ƙyama.

Yadda za ku gane shi

Ƙurjin ƙarami ne, daga milimita 2 zuwa 5, watau daga girman ƙwayar gero zuwa na ƙwayar dawa. Yana da sulɓi da ɗan ƙyalli kamar dutsen wuya, launinsa kuwa irin na fatar yaron ne, ko ya ɗan fi ta haske. In kun kai yaron wurin haske kun duba da kyau, za ku ga ɗan rami a tsakiyar ƙurjin kamar cibiya. A cikinsa akwai wani farin abu mai kauri kamar cuku. A nan ne ƙwayar cutar take zaune.

Yakan fito a ƙirji da ciki da baya, a hamata, a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, a cinya, wani lokaci har fuska da fatar ido. Da wuya ƙwarai a gan shi a tafin hannu ko tafin ƙafa. Wani yaro guda 3 ko 4 kawai za a gani a jikinsa, wani kuwa 20 ko fiye. Ba ya zafi, ba ya kawo zazzaɓi. Yaron yana cin tuwonsa, yana wasansa, yana barci lafiya. Sai dai wasu sukan sami ƙaiƙayi, fatar da ke kewaye ta bushe ta yi kaushi. An fi ganinsa a jikin yara masu shekara 1 zuwa 10, ya kuma fi yawa a ƙasashe masu zafi da inda mutane suke zaune a cunkushe.

Lalle ne mu bambanta shi da wasu cututtuka. Ƙarambau yana zuwa da zazzaɓi da ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi, ya bushe cikin mako ɗaya ko biyu. Ƙyanda tana zuwa da zazzaɓi mai zafi da tari da jan ido. Ƙazuwa tana hana barci da susa, ta fi kama tsakanin yatsu, takan bi dukan mutanen gida. Akwai kuma ƙyandar biri, wadda ta sake ɓullowa a Nijeriya a 2017. Ƙurajenta ma sukan yi rami a tsakiya, amma tana zuwa da zazzaɓi da kaluluwa da ciwon jiki, ƙurajen suna da zafi, suna fitowa cikin 'yan kwanaki, har a tafin hannu da na ƙafa. In kun ga haka, ku kai yaron asibiti nan da nan. Ƙurji mai cibiya kuwa a hankali yake fitowa, yaron kuma garau yake.

Daga ina yake zuwa?

Wata ƙwayar cuta ce take kawo shi, daga irin ƙwayoyin nan ƙanana ƙwarai da ake kira bairas. Dangin agana ce, cutar nan da ta ƙare mutane ta makantar da wasu a zamanin kakanninmu, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar an kawar da ita daga duniya a 1980. Amma kada sunan dangin ya tsorata ku. Wannan ƙwaya a saman fata kaɗai take zama. Ba ta shiga jini, ba ta taɓa hanta ko huhu. Mutum kaɗai take kamawa, ba a ɗaukarta daga kaji ko awaki ko kare.

Hanya uku take bi. Ta fari, jiki da jiki, sa'ad da yara suke kokawa ko suke kwana a tabarma ɗaya. Ta biyu, ta wurin kayan da ake tarayya, kamar soso da tawul da zane da riga. Ta uku, yaron da kansa: ya sosa ƙurji, farin abin nan ya maƙale a farcensa, ya sosa wani wuri, sai ya shuka sabon ƙurji a can. Shi ya sa wani lokaci za ku ga ƙurajen sun jeru a layi ɗaya, inda farce ya bi.

Bayan ƙwayar ta shiga fata takan yi mako 2 zuwa 7 kafin ƙurji ya fito, wani lokaci har wata 6. Ku lura da wannan, domin yana kashe wutar faɗa da yawa. In kun ga ƙurji a jikin ɗanku yau, ba ku da hanyar sanin ranar da ya ɗauka, balle wurin wa. Kada ku ce ɗan maƙwabciya da ya zo wasa jiya ne. Kada miji ya ce ƙazantar matarsa ce, gama ƙurjin nan yana fitowa har a jikin 'ya'yan likitoci. Maganar maita da sammu da baki kuwa, bai kamata a ji ta a gidan mai bi ba a kan abin da an ga ƙwayarsa da madubin likita.

Yaushe zai tafi?

A nan ne haƙurin iyaye yake shan gwaji. Kowane ƙurji guda yakan yi kamar wata 2 ko 3 ya baje, amma kafin ya baje wasu sun fito. Saboda haka a yawancin yara cutar duka takan ɗauki wata 6 zuwa 18, a jikin kaɗan kuma har shekara 2 ko fiye. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2015, wanda ya bi yara 306, ya nuna matsakaicin lokacin warkewa ya kai kamar wata 13. Watau uwa za ta ga damina ta wuce, kaka ta zo, a yi Kirsimeti, a yi Ista, ƙurjin yana nan. Wannan ba alamar cutar ta yi tsanani ba ce. Halinta ke nan.

Dalili shi ne, ƙwayar nan gwanar ɓuya ce. Allah ya sa wa jikinmu masu tsaro waɗanda suke yaƙi da cuta, amma wannan ƙwaya takan laɓe a saman fata har su daɗe ba su lura da ita ba. Ran da suka gane ta, sai su far mata. A lokacin ne ƙurjin yakan yi ja ko ya ƙara duhu, ya kumbura, ya yi kamar maruru, ya yi ɓawo. Iyaye da yawa sukan firgita su ce abin ya lalace, alhali sau da yawa wannan ita ce alamar ƙarshe ya kusa. Bayan 'yan makonni sai ku ga sauran ƙurajen ma sun soma bajewa. In sun ƙare, ƙwayar ta fita daga jiki ke nan, ba ta ɓoye a ciki don ta sake tashi. In ba a taɓa ƙurjin ba, yawanci ba ya barin tabo, sai ɗan duhu ko ɗan haske wanda yakan shuɗe a hankali.

Garin neman gira

Mun san zuciyar uwa. Kowace safiya tana wanke ɗanta tana ƙirga ƙuraje, jiya 9, yau 11. In ta je rijiya wannan ta ba ta shawara, in ta je kasuwa waccan ta ba ta wata. Kakar yaro tana cewa an yi sakaci. Uban yana tambaya, har yanzu ba a yi kome ba? Daga nan sai a kai hannu inda bai kamata ba. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido. Ga abubuwan da muke roƙonku ku guje musu.

Kada ku matse ƙurjin, ko ku huda shi da allura ko ƙaya ko tsinke. Farin abin da zai fito cike yake da ƙwayar cuta, zai shafi fatar da ke kusa, kuma kun buɗe ƙofa ga wasu ƙwayoyi masu kawo ruwan mugunya.

Kada ku kai yaron a tsaga masa da aska ko reza, ko a yi masa sakiya. Askar da ta taɓa jinin wani tana iya kawo ciwon hanta ko cutar ƙanjamau. Miki mai datti kuma yana iya kawo tetanas, ciwon nan mai sandarar da jiki ya kulle muƙamuƙi, wanda yake kisa. Wace riba ke nan, a musanya ƙurjin da zai tafi da kansa da cutar da za ta zauna har abada?

Kada ku ɗiga masa nonon tumfafiya, ko ruwan batir, ko kananzir, ko ku ɗaura dakakkiyar tafarnuwa. Dukansu suna ƙona fata, fatar yaro kuwa ba ta da kauri. Nonon tumfafiya in ya shiga ido yana iya lalata gani. Ku tuna kuma, baƙar fata irin tamu takan riƙe tabon ƙuna ta daɗe, a jikin wasu ma tabon yakan tsiro ya yi tudu mai tauri wanda ba ya bajewa. Yarinyar da aka ƙona wa kumatu tana shekara 5 za ta kai tabon har ɗakin aurenta.

Kada ku ɓata kuɗi a kan kafso da allura. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su ampisilin ba sa taɓa bairas ko kaɗan. Ba su da aiki a nan sai in likita ya ga wurin ya ruɓe.

Ku yi hankali da man shafawa da ake sayarwa a kemis da bakin kasuwa ana cewa yana maganin kowace cutar fata, da kuma man bilicin. Da yawa cikinsu suna da sinadarin da ake kira sitiroyid, wanda yake kwantar da masu tsaron fata, sai ƙurjin ya sami fili ya bazu. Likita yana iya rubuta mai sauƙi na 'yan kwanaki saboda ƙaiƙayin da ke kewaye, amma wannan shawararsa ce, kada ku yanke ta da kanku.

Abin da za ku yi a gida

Haƙuri ba zaman banza ba ne. Ga aikin da ke hannunku:

1. Ku ba yaron sosonsa da tawul nasa shi kaɗai. Bayan wanka a shanya su a rana su bushe sarai. In soso ɗaya ne a gidan, ku wanke shi da hannu da sabulu.

2. Kada ku dirje ƙurajen lokacin wanka. A tsane jikin a hankali, kada a goge da ƙarfi.

3. Kada ku haɗa shi da ƙannensa a baho ɗaya. A yi wa masu lafiya wanka tukuna, shi daga baya, a zubar da ruwan a wanke bahon.

4. Ku yanke masa farce kowane mako, ku koya masa wanke hannu da sabulu.

5. In fatar ta bushe tana ƙaiƙayi, ku shafa man kaɗanya mai tsabta ko basilin a kewaye. Fata mai laushi ba ta jawo susa. Ku wanke hannunku bayan kun gama.

6. Ku sa masa rigar da za ta rufe ƙurajen sa'ad da zai tafi makaranta ko wasa. Wanda riga ba ta rufe ba, ana iya manna masa filasta da rana, a cire da dare domin fata ta sha iska.

7. Kada 'yan'uwa su yi musayar riga da ɗan kamfai har sai an wanke.

8. Ku ba shi abinci mai gina jiki: wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono, zogale da sauran ganye. Jikin da ya ƙoshi ya fi ƙarfin yaƙi.

Ko kun kiyaye waɗannan duka, ƙane ko ƙanwa na iya ɗauka. In haka ya faru kada ku zargi kanku. Shi ma zai warke.

Sa'ad da ya kamata ku je asibiti

Yana da kyau tun da fari ma'aikacin lafiya ya duba yaron sau ɗaya, ya tabbatar muku abin da kuke gani. Yawanci da ido kawai yake gane shi, ba sai an ɗebi jini ba. Amma ga lokatan da bai kamata ku jinkirta ba:

In ƙurjin yana kan fatar ido, ko idon ya yi ja yana hawaye. In jan ya bazu ya wuce gindin ƙurjin, wurin ya yi zafi, mugunya tana fita, ko zazzaɓi ya zo. In ƙurajen sun yi yawa ƙwarai, ko sun yi manya fiye da ƙwayar gyaɗa, musamman a fuska, ko kuwa yaron yana ramewa yana yawan ciwo. Irin wannan yakan nuna masu tsaron jiki sun yi rauni, ko don rashin abinci, ko don cutar ƙanjamau. In likita ya nemi a yi gwajin jini, kada ku ji haushi, kada ku gudu. Akwai maganin da yake riƙe mai cutar ƙanjamau ya yi girma ya yi rayuwarsa, in an soma da wuri.

In ƙurjin ya fito a al'aurar yaro, yawanci hannunsa ne ya kai shi can ta wurin susa. Duk da haka ku bari ma'aikacin lafiya ya duba, ku kuma zama iyayen da yaro zai iya gaya musu kome ba tare da tsoro ba. Ga manya kuwa, in ya fito a wannan wuri, sau da yawa ta wurin kwana tare ake ɗaukarsa, sai miji da mata su je tare.

Likita yana da hanyoyin cire ƙurjin in akwai dalili. Yana iya kankare shi da ɗan ƙarfe mai tsabta, ko ya daskarar da shi da wani ruwa mai tsananin sanyi, ko ya ɗiga magani mai ci a kansa daidai gwargwado. A Amurka an amince da wani maganin ɗigawa a 2023, wanda asalin sinadarinsa daga wani ƙwaro ne dangin hangara mai tayar da bororo a fata, aka kuma amince da wani na shafawa a gida a 2024. Amma dukan hanyoyin nan suna iya sa zafi ko su bar ɗan tabo, kuma ba su hana sabon ƙurji fitowa. Saboda haka in likita ya duba ya ce ku koma gida ku jira, kada ku ce bai san aikinsa ba, ko ya raina ku don ba ku da kuɗi. Shawarar da yake ba 'ya'yan masu arziki ke nan.

Zuciyar yaron

Akwai wani miki da ba a gani da ido. Yaro ɗan shekara 7 ya san sa'ad da abokansa suka matsa daga bencin da yake zaune. Ya san sa'ad da uwarsa ta ja masa riga da sauri don kada baƙi su gani. In ana kiransa mai ƙuraje, zai riƙe sunan a zuciya bayan fatar ta warke da daɗewa.

Ba a hana yaro zuwa makaranta saboda ƙurji mai cibiya. Ba a hana shi Makarantar Lahadi, ko ƙungiyar waƙa, ko cin abinci tare da 'yan'uwansa. Ba a ɗaukarsa ta numfashi, ko ta tuwo, ko ta zama kusa. Muna roƙon malamai da shugabannin Zumuntar Mata su bayyana wannan ga sauran iyaye, domin kada wata uwa ta daina zuwa sujada saboda kunya.

In kun sami zarafi ku karanta Littafin Firistoci sura 13. Za ku ga yadda aka umarci firist ya duba tabon fata da kyau, ya lura da launinsa da zurfinsa, in bai tabbata ba ya jira kwana 7 ya sake dubawa. Ba kowane tabo aka kira kuturta ba, wasu an sallame su da tsarki. Tun a wancan zamani an koya wa mutanen Allah su duba tukuna, su jira, kada su yi saurin yanke hukunci. Sa'an nan ku buɗe Markus sura 1, ku ga abin da Ubangiji Yesu ya yi da kuturun da kowa yake gudu: ya miƙa hannu ya taɓa shi. In Ubangijinmu bai yi ƙyamar kuturu ba, ina dalilinmu na janye hannu daga ɗanmu saboda ƙurjin da bai fi ƙwayar dawa ba?

Ku ɗauke shi, ku goya shi, ku rungume shi kamar kullum. Ku gaya masa gaskiya da kalmomin da zai gane: ƙurji ne ƙarami, yara da yawa suna yinsa, ba laifinsa ba ne, zai tafi, aikinsa kawai kada ya sosa. Ku yi addu'a tare da shi da dare, ku roƙi warkarwa, ku roƙa wa kanku haƙuri. Maigida, ka tsaya tare da matarka sa'ad da dangi suka matsa a kai yaron wurin mai aska. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa ta tsare fuskar 'yarka.

Wata dabara kuma: ku daina ƙirga ƙurajen kowace safiya. Ku zaɓi rana ɗaya a wata, misali Lahadin fari bayan sujada, ku duba jikin yaron a wurin haske, ku rubuta adadin a bayan kalanda. Watanni na fari lissafin zai hau. Daga baya zai tsaya, sa'an nan ya soma sauka. In kun koma asibiti ku tafi da takardar, za ta taimaki likita.

A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu yi magana a kan ƙazuwa da yadda ake yi wa dukan gida magani a rana ɗaya. Allah ya tsare gidajenku, ya raya mana yaranmu cikin lafiya da tsoronsa. Amin.